Babi na Shida: Daga Richmond zuwa Putney a Ƙafa

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Landan, ko karatu ya kai su, ko neman magani, ko kasuwanci, ta cikin rami suka san birnin. A shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a wannan tasha, a ɓulla a waccan, a yi sayayya a titin Oxford, a ci abinci a Edgware Road, a koma masauki. Kogin Thames kuwa, wanda dominsa Rumawa suka kafa garin kusan shekara 2,000 da suka wuce, sai dai a hango shi daga kan gadar Westminster, a ɗauki hoto da hasumiyar agogo a baya, a ƙara gaba.

Wannan babin gayyata ce zuwa wani gefen birnin. A kudu maso yammacin Landan akwai wata turba da ke bin gaɓar kogin daga unguwar Richmond zuwa Putney, tsawonta kusan kilomita 14. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara. Tsoho na binta da sandarsa, mai jego na tura keken jaririnta a kai, yara na koyon tuƙa keke. Idan ka bi ta inda ruwa ke gangarawa, kogi na hannunka na hagu, a dama kuma lambuna da filayen shaƙatawa ne ke miƙa ka ga juna. Ba a biyan ko sisi, babu ƙofa, babu mai gadi. Mai tafiya a natse zai gama ta cikin awa huɗu, wanda ya gaji kuma yana iya yankewa a kowace gada ya hau bas ko jirgi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne wannan sauƙin bai faɗo daga sama ba. Kowane taku na turbar nan akwai wanda ya taɓa son ya katange shi, akwai kuma waɗanda suka tsaya suka hana. Kuma tun da aka bar wa jama'a bakin kogin, kogin ya sami masu tsaya masa.

Turbar dawaki

Asalin hanyar ba don shaƙatawa aka yi ta ba. Kafin zuwan jirgin ƙasa, ta ruwa ake dakon kaya masu nauyi a Ingila: gawayin kwal, katako, hatsi, duwatsun gini. Jiragen dakon ba su da inji. Idan za a haura da su sama, sai a ɗaura musu doguwar igiya, ƙarti ko dawaki su ja daga gaɓa. Saboda haka dole a sami fili a bakin ruwa wanda babu katanga, babu gini, babu abin da zai tare igiya. A ƙarshen ƙarni na 18 hukumomin da ke kula da zirga-zirgar kogin suka gyara wannan turba suka haɗa sassanta.

Da layin dogo ya shigo a ƙarni na 19, sai kasuwar jiragen dako ta mutu. Dawaki suka tafi, turba ta rage. A wasu wurare ciyawa ta cinye ta, a wasu kuma masu gonaki da masu gidaje suka ja shinge har bakin ruwa. Abin da ya cece ta shi ne wata tsohuwar ƙa'ida a dokar Ingila: hanyar da jama'a suka daɗe suna bi ta zama haƙƙinsu, ko da ta ratsa filin wani ne, kuma mai filin ba shi da ikon toshe ta. A 1949 Majalisar Dokoki ta yi dokar da ta ba da damar keɓe dogayen hanyoyin ƙafa na ƙasa. Duk da haka sai da ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta Ramblers da wasu masu kishin kogin suka shafe shekaru suna bi gari-gari, suna auna inda hanya ta yanke, suna rubuta wa hukumomi takardu. Wani ɗan ƙungiyar mai suna David Sharp ya yi fice a wannan aiki. A 1996 aka buɗe hanyar a hukumance, kusan kilomita 300, tun daga mafarin kogin a tuddan Cotswolds har zuwa shingen ambaliya da ke gabashin Landan. Abin da za mu bi yanki ne kaɗan daga cikinta.

Richmond: yadda doka ta tsare abin da ido ke gani

Layin District na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Richmond yake ƙarewa. Kafin ka sauka bakin ruwa, ina ba ka shawara ka ɗan haura tudun Richmond, tafiyar kwata ɗin awa daga tasha. Wannan ne kaɗai hawan da ke cikin tafiyar, kuma ba dole ba ne, amma wanda ya hau ba zai yi da-na-sani ba. Daga saman tudun za ka ga kogin ya yi lanƙwasa a tsakanin bishiyoyi, da ɗan tsibiri a tsakiya, da makiyayar Petersham shimfiɗe a ƙasa, inda shanu ke kiwo a lokacin zafi. Shanu a cikin birnin da ke da mutum kusan miliyan 9. Masu zane irin su Turner sun zana wannan wuri tun fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma wanda ya riƙe zanen ya dubi ƙasa zai gane wurin.

Dalilin da ya sa bai sauya ba shi ne wata rigima da aka yi a farkon ƙarni na 20. Garin na faɗaɗa, filin bakin kogi ya yi tsada, an sayi gandun Marble Hill da ke tsallaken ruwa da niyyar yanka shi fuloti-fuloti. Mutanen yankin suka tashi tsaye. Aka haɗa kuɗi tsakanin ƙananan hukumomi da masu hannu da shuni aka saye gandun aka mayar da shi lambun jama'a, sannan a 1902 Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman da ta hana gini a makiyayun da ke ƙarƙashin tudun. Shi ne kaɗai wuri a Ingila da dokar majalisa ta kare kallonsa. Waɗancan mutanen sun fahimci cewa abin da ido ke hutawa a kansa dukiya ce ta kowa, kuma idan aka sayar da ita sau ɗaya, ta tafi ke nan.

Daga nan sai ka gangara ta cikin lambun Terrace zuwa bakin ruwa, ka bi ta ƙarƙashin gadar Richmond. An gama ginin gadar a 1777, ita ce mafi tsufa cikin gadojin Thames da suka rage a Landan. A gindinta har yanzu akwai masassaƙan kwale-kwale da ke aiki da katako, ƙamshin fenti da na itace na fitowa daga rumfunansu. Agwagi da dinyoyi sun saba da mutane ƙwarai, har sukan tare hanya suna jiran wanda zai watsa musu abinci.

Kogin da ke tafiya gaba da baya

Wanda ya tashi a bakin Kwara ko Binuwai ya san kogi na cika da damina, ya janye da rani. Thames na Landan sau biyu yake cika ya janye a kowace rana. Teku ce ke turo ruwanta ciki har zuwa Teddington, sama kaɗan da Richmond, sannan ta janye. A tsakiyar birni bambancin cikar da janyewar kan kai mita 7. Idan ka tsaya ka zuba wa wani reshe da ke yawo a ruwa ido, za ka ga yana gangarawa, can ya tsaya cik, sai kuma ya juyo yana haurawa inda ya fito.

Wata ne ke jan ragamar wannan al'amari, saboda haka mai lissafin kwanan wata ya riga ya san rabin sirrin. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu. A irin waɗannan ranaku ruwa kan hau kan turbar kanta a Richmond da Mortlake da Putney. Ba ya zuwa da hayaniya. Za ka ga ya fara lasar bakin dutse, ya cika ramukan hanya, kafin ka ankara ya kai idon sawu, benci ya zama tsibiri. Baƙon da ya ajiye mota a bakin ruwa bai karanta allon gargaɗi ba yakan dawo ya tarar da ita a cikin kogi. Bayan kamar awa guda ruwan ya koma, ya bar laka da karmami a kan hanya. Hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan na wallafa jadawalin cikar ruwa na kowace rana a intanet, kuma duba shi kafin fitowa ya fi komawa gida da jiƙaƙƙen takalmi.

Gaba kaɗan da gadar Richmond akwai wata gadar ƙafa ta ƙarfe mai ado, wadda aka buɗe a 1894. A ƙarƙashinta akwai manyan ƙofofin ƙarfe uku da ake saukarwa idan teku ta fara janyewa, don su riƙe ruwan da ke sama kada kogin ya koma kwazazzabon laka. Kowace shekara a wajen Nuwamba akan bar ƙofofin a ɗage don gyara, sai gindin kogi ya bayyana, masu sa kai su shiga da dogayen takalman roba suna kwashe shara suna ƙirga halittun da suka samu.

Daga nan gari ya ɓace. A damanka akwai Old Deer Park, tsohon gandun farautar sarakuna, yau filayen wasa ne. Ta tsakanin bishiyoyi za ka hango wani farin gini: ɗakin duban taurari ne da Sarki George na Uku ya sa aka gina don ya kalli Zara, matar wata, tana giftawa ta gaban rana a 1769. Tsakanin filin da turba akwai fadama mai ruwa kwance, kuma da gangan aka bar ta haka. Idan kogi ya tumbatsa, nan yake samun wurin kwanciya maimakon ya shiga ɗakunan mutane. Landan ta san zafin ambaliya: a Janairun 1928 kogin ya ɓalle cikin dare ya kashe mutum 14, yawancinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Filin da aka bari babu gini yana aikin da katanga ba za ta iya ba.

Ita ma turbar tana bukatar kulawa. A Oktoban 2024 wani yanki nata tsakanin Richmond da Kew ya zabtare bayan ruwa ya ci ƙarƙashinsa, aka rufe wurin don gyara. Mutanen da suka saba bin ta kullum ba su bar hukuma ta huta ba, kuma wannan matsin lamba na daga cikin abin da ke raya irin wannan hanya.

Idan ka zo wannan yanki lokacin da ruwa ya janye, ka tsaya daura da tsibirin Isleworth ka dubi gaɓa. Tsakuwa ce da laka mai sheƙi, da tsoffin turakun katako da suka yi baƙi. A bakin ruwa zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, wuyansa a naɗe, ko motsi ba ya yi. Sai ya ɗan karkata kai, ya miƙa wuya a hankali, ya kai sara ɗaya, ya ɗago da ƙaramin kifi a baki yana wutsil-wutsil. Sama da kai kuma tsiryoyi ne kore shar ke wucewa garke-garke suna ƙara. Kakanninsu tsuntsayen keji ne da suka kuɓuce, yanzu dubbai ne a bishiyoyin wannan yanki, sanyin Turai bai hana su yaɗuwa ba.

Kew: inda sunayen itatuwanmu ke ajiye

A tsallaken kogi za ka ga gidan Syon, wani ƙaton gini mai kusurwa huɗu da mutum-mutumin zaki a samansa, mallakar gidan sarautar Northumberland. Makiyayar da ke gabansa na cikin 'yan wuraren da suka rage a Landan inda ba a yi wa kogin katanga ba, ruwa na shiga ciyawa ya fita yadda ya saba tun fil azal. A ɓangarenka kuwa, bayan wani rami mai zurfi da ke maimakon shinge, lambun Kew ne.

Gimbiya Augusta, mahaifiyar George na Uku, ita ta kafa lambun a 1759. Yau ya haura hekta 120, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Shiga cikinsa da kuɗi ne, kuma ya cancanci yini guda nasa na kansa. Amma mai bin turba na samun rabonsa kyauta: akwai inda aka buɗe wata doguwar hanya tsakanin manyan bishiyoyi, ka tsaya a bakin kogi ka hango can ƙuryar lambun.

Abin da ya haɗa mu da Kew yana cikin wani jan gini kusa da ƙarshen lambun, inda ake adana busassun tsirrai kusan miliyan 7, kowanne manne a jikin takarda da bayanin inda aka tsinko shi. A cikinsu akwai waɗanda wani likita ɗan Sikotland, John Dalziel, ya tattara a ƙasar Hausa. Ya yi aikin asibiti a Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, ya tsinki ganyaye a wurare irin su Sakkwato da Katagum, yana tambayar mutane sunan kowane tsiro da amfaninsa. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Bayan ya bar aiki ya dawo Kew, shi da masanin tsirrai John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, sannan a 1937 ya wallafa littafinsa kan amfanin waɗannan tsirrai, wanda masana ke komawa gare shi har yau.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da wannan aiki. Dalziel ya yi ƙoƙari, kuma ba don shi ba da wasu sunayen sun salwanta. Amma ilmin na manoma ne da makiyaya da masu magani da ungozoma, waɗanda suka san sabara da marke da kalgo tun kafin a haife shi, kuma sunayensu ba su shiga littafi ba. Duk ɗalibin Hausa ko na kimiyyar tsirrai da ya wuce ta gefen wannan gini, ya san akwai gadon gidansu a ciki.

Haka kuma bayan ka wuce gadar Kew da gadar jirgin ƙasa, akwai wani babban ginin kankare a damanka. Ma'ajiyar takardun tarihi ce ta ƙasar Birtaniya. A nan wasiƙun da Gwamna Lugga da waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa aika wa ofishin mulkin mallaka suke, har da rahotannin cin Kano da Sakkwato a 1903. Duk wanda ya yi rajista da shaidarsa zai iya neman a kawo masa fayil ya karanta, ba tare da ya biya ba. Masana tarihinmu da dama sun yi watanni a wannan ɗaki, kuma idan ido ya gaji da tsohon rubutu, wannan turbar ce wurin miƙe ƙafa.

Masu tuƙi da masu ƙaura

Daga gadar Chiswick zuwa Putney kogin na masu tseren kwale-kwale ne. A nan jami'o'in Oxford da Cambridge ke karawa kowace bazara. An fara gasar a 1829, aka dawo da ita wannan yanki a 1845, tsawon fagen kilomita 6.8 ne, kuma tun 2015 mata ma a nan suke yin tasu. Da cikowar ruwa ake tseren, daga Putney a hauro zuwa Mortlake, don teku ta tura su. Amma ba sai ranar gasa za ka ga masu tuƙi ba. Kowace safiya, ko da sanyi na yanka fata, za ka ga siririn jirgi ɗauke da mutum takwas, matuƙansu na shiga ruwa su fito lokaci ɗaya, mai horarwa na biye da su a ƙaramin jirgi mai inji yana magana ta lasifika. Yawancinsu 'yan makaranta ne da ma'aikata da 'yan fansho.

A gefen hanya benci-benci ne jere, kusan kowanne da ɗan allon tagulla a jikinsa. Ka sunkuya ka karanta: sunan wani mamaci ne, da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa, da kalma biyu ko uku cewa yana son wannan wuri. Iyalansa ne suka biya aka kafa, don duk wanda ya gaji ya zauna. Abin na tuna wa mutum randar ruwa da ake ajiyewa a ƙofar gida saboda masu wucewa.

Bayan Barnes za ka iso gadar Hammersmith, koriya mai ado, wadda aka buɗe a 1887. A Afrilun 2019 aka gano tsagewa a ƙarfenta aka hana motoci hawa. Masu mota sun sha wahala, ana ta muhawara kan wanda zai biya kuɗin gyara, amma masu ƙafa da masu keke sun sami gada tasu su kaɗai.

Gaba kaɗan, bayan shingen bishiyoyi, akwai wurin da ya fi kowane nuna abin da birni zai iya yi da filin da ya gama amfani da shi. Manyan tafkunan kankare huɗu ne na ajiyar ruwan sha tun zamanin Sarauniya Victoria. Da aka daina amfani da su, sai aka yi yarjejeniya: a gina gidaje a wani ɗan yanki, a yi amfani da kuɗin a farfasa kankaren sauran a mayar da shi fadama. Ƙungiyar kare tsuntsayen ruwa da Peter Scott ya kafa ita ta jagoranci aikin, aka buɗe wurin a shekarar 2000, faɗinsa ya ɗan haura hekta 40. Tsuntsaye ba su jira gayyata ba. Cikin masu zuwa da bazara akwai wasu ƙananan tsattsewa masu haƙa rami a gaɓa su yi sheƙa. Idan kaka ta yi a Turai sai su tashi, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a yankin Sahel, a dausayoyi irin na Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi. Shekarun da aka yi fari mai tsanani a Sahel, masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya sun ga yawansu ya faɗi warwas. Tsuntsun da nauyinsa bai kai na ƙwai ba ya ɗaure makomar fadamar Landan da ta Yobe.

Ruwa ba ya tsami banza

Wanda ya ga zalɓe na kama kifi a yau zai yi wuya ya yarda cewa wannan kogi ya taɓa mutuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 duk ƙazantar birnin cikinsa take zuba, kuma daga cikinsa ake ɗiban ruwan sha. Kwalara ta kashe dubun-dubatar mutane. A zafin 1858 wari ya kai matuƙar da 'yan majalisa suka kasa zama a zaurensu da ke bakin ruwa, har aka rataya labulen da aka jiƙa da sinadari a tagogi. Da abin ya taɓa manya, cikin 'yan makonni aka amince da kuɗin aiki. Injiniya Joseph Bazalgette, wanda shi ne kuma ya tsara gadar Hammersmith, ya gina manyan magudanu na kusan kilomita 130 da ke tare ƙazantar kafin ta isa kogi su kai ta can gabas.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya sake lalacewa. Bama-bamai sun fasa magudanu, masana'antu na zuba dagwalo, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a ruwan. Binciken da aka yi a 1957 ya nuna babu kifin da ke rayuwa a dogon yanki na kogin a cikin birni. Daga shekarun 1960 aka gyara matatun ƙazanta, aka tsananta doka kan masana'antu. A 1974 aka kama kifin salmon a kogin, karo na farko cikin fiye da shekara 100. Yanzu masana na ƙirga nau'in kifi sama da 100.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Magudanun Bazalgette hanya ɗaya suke bi da ruwan sama da ƙazantar gida, kuma an gina su ne don mutanen da ba su kai rabin na yau ba. A da, da an yi ruwa mai ɗan ƙarfi sai su cika su amayar a kogi. Kusa da gadar Hammersmith, tsumman goge jiki da mutane ke jefawa a masai sun taru har suka yi tudu a gindin kogi. Masu sa kai na ƙungiyar Thames21 ne suka riƙa shiga laka suna ƙirga su, suna kai wa 'yan majalisa alƙaluma. A gasar 2024 an gargaɗi matuƙa kada su jefa ɗan'uwansu a ruwa don murna kamar yadda aka saba, saboda ƙwayoyin cuta, kuma labarin ya zaga duniya. Maganin da aka yi shi ne wani ƙaton rami mai tsawon kilomita 25 da faɗin fiye da mita 7, wanda aka fara aikinsa a ƙarƙashin kogin a 2016, aka gama haɗa shi a farkon 2025, don ya karɓe wannan ambaliyar ƙazanta.

A lura da su wane ne suka riƙa ɗaga murya a duk wannan tarihi: matuƙa kwale-kwale, masunta, masu yawo da karnuka, iyayen da 'ya'yansu ke wasa a gaɓa. Su ne ke ganin mataccen kifi da safe su ɗauki hoto su kira hukuma. Kogin da aka juya wa baya, aka kewaye da katangun ma'aikatu, zai iya ruɓewa shekara da shekaru ba wanda ya sani. Wanda dubban mutane ke bi ta gefensa kullum kuwa, idanu sun yi masa yawa.

Isowa Putney

Kilomita biyun ƙarshe a inuwar manyan bishiyoyi ake yin su. A tsallake za ka ga filin wasa na Craven Cottage, gidan ƙungiyar Fulham tun 1896, inda 'yan wasan Nijeriya Alex Iwobi da Calvin Bassey suka koma a 2023. Ranar wasa sowar 'yan kallo na tsallako ruwa ta same ka. Kusa da shi lambun Bishops ne. Sai ka haye wani ƙaramin rafi da ake kira Beverley, kwalta ta dawo, rumfunan kwale-kwale su jeru, gadar Putney ta bayyana. Tashar jirgin layin District na tsallaken gadar.

Guzurin tafiyar kaɗan ne: takalmi mai taushi wanda ba ka jin tsoron ya taɓa laka, gorar ruwa, rigar ruwan sama ko da gari ya waye garau. A tsakiyar hunturu duhu na shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, kuma yawancin turbar babu fitila, saboda haka a fita da wuri. A watan Yuni kuwa rana kan kai bayan ƙarfe tara ba ta faɗi ba. Masu keke na bin hanyar, idan ka ji ƙararrawa ka ɗan raɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma wannan tafiya ɗaya ta biya bashin har da ragi. Mai ciwon gwiwa ko mai yawan shekaru ya raba ta biyu ko uku, ya yi Richmond zuwa Kew yau, sauran wata rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga Putney zuwa gabas kogin na sauya hali. Bishiyoyi na raguwa, dogayen gidaje masu tsada na matsowa bakin ruwa, kuma a wurare da dama turbar na ratsa filin kamfanoni ne, waɗanda hukuma ta gindaya wa sharaɗin barin hanya kafin ta ba su izinin gini. Yadda ake samun wannan sharaɗi, da yadda wasu ke ƙoƙarin kauce masa da ƙofofi da makullai, shi ne abin da babi na gaba zai duba a kan hanyarmu ta zuwa Battersea da Westminster.